Kwamfutar Marigayi Mukhtar

Ni na wanke kwamfutar da hannuna. Gara in faɗa tun yanzu, kada in tsaya zagaye-zagaye ina neman wanda zan ɗora wa.

Sunana Ɗan'azumi. Gyaran kwamfuta nake yi a Gyadi-Gyadi, cikin wani ɗan shago da ke kallon titin Zariya, shekara goma sha huɗu ke nan. Yawancin masu zuwa wurina ɗaliban jinya ne da ma'aikatan asibitin koyarwa da ke kusa da mu. Ba a mako ba a samu wanda ya faɗo shagon ido jajur ba, ya goge aikin da ya yi wata shida yana rubutawa, saura kwana biyu ya miƙa wa malaminsa. In dawo masa da kayansa, in haɗa masa da faɗa kyauta. An san ni da faɗan nan. Har suna ɗaliban suka laƙaba mini, wai Mai Tayar da Matattu. Na hana su, na ce saɓo ne, amma in gaskiya zan faɗa kaina yakan ɗan fasu idan na ji.

Wata Talata da hantsi wani malami ya yi sallama, mai kimanin shekara hamsin, gemunsa ya fara furfura. Ya ce sunansa Sha'aibu, shi ne na'ibin liman a wani masallaci a Ƙauyen Alu. Ya warware dardumar da ke hammatarsa, sai ga tsohuwar laftof baƙa, gefen murfinta ya tsage.

"Ta ƙanina ce, Mukhtar," in ji shi. "Nas ne a asibitin nan. Tirela ta bi ta kansa yana komawa gida a kan babur, yau kwana goma sha biyu."

Na yi masa ta'aziyya, ya amsa.

"Mahaifiyarmu ta ce a yi masa sadaka da ita, magada kuma sun yarda. So nake ka wanke ta tas, ka zuba mata karatun Alƙur'ani da tafsiri. Za mu ajiye ta a masallaci mu haɗa da lasifika, duk wanda ya saurara ladan ya isar masa."

Na yi tambayar da nake yi wa kowa. "Akwai abin da ake so a ciki?"

"Babu. Na tambayi matarsa da bakina, ta ce babu." Ya ɗan matso, ya rage murya. "Kuma don Allah kada ka buɗe komai. Ka san yaran yanzu da finafinai da waƙe-waƙe. Ban ce yana da su ba. Amma wanda ya kwanta dama, a rufa masa asiri."

Maganar ta shige ni, har na ji mutumin ya ƙara girma a idona.

Faifan ajiyar da ke cikin kwamfuta akan raba shi kashi biyu. Kashi ɗaya na manhajar da ke tuƙa kwamfutar ne, ɗayan kuma mai ita ke zuba kayansa. A ƙa'idar aikina, idan zan sa sabuwar manhaja, kashin farko kawai nake taɓawa, na biyun in bar wa mai shi. Ranar ma na gan su duka biyun a gabana. Na biyun marigayin ya sa masa suna Gida, kuma ya kusa cika maƙil. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Hannuna ya ɗan tsaya, na ce a raina mutum ba ya cika wuri haka da abin banza. Sai na ɗaga kai na ga Malam Sha'aibu yana jan carbi yana jirana, na tuna an ce kada in leƙa. Na goge kashi na farko, na goge na biyu, na haɗe su suka zama fili ɗaya.

Daga nan na ɗauko nawa faifan da nake tara karatu a ciki. Makaranta goma sha bakwai na zuba, kowanne da saukarsa cikakkiya, na bi da bidiyon tafsirin azumi na shekaru takwas. Wuni guda ana kwafa. Na ce wa Malam Sha'aibu, "Na cika ta dam, ko shekara uku za ku yi ba za ku maimaita ba." Ya yi ta sa mini albarka. Ni ma na koma gida ranar ina ganin na sami nawa rabon a ladan.

Wata huɗu bayan haka, wata Litinin da safe ana yayyafi, wata mata ta tsaya a ƙofar shagon. Ba za ta wuce shekara ashirin da takwas ba. Hijabinta ruwan toka ya jiƙe har gwiwa, ta rungume wani abu a cikin leda kamar wadda za a ƙwace wa.

"Malam, kai ne Ɗan'azumi? Sista Patience ce ta yi mini kwatancenka, abokiyar aikin maigidana. Ta ce in dai abu ya ɓata a kwamfuta kai ne."

"Haka suke faɗa. Shigo daga cikin ruwan."

Ta ce sunanta Naja'atu. Ta zare kwamfutar daga leda ta ajiye a kan tebur. Ina ganin tsagewar murfin gabana ya faɗi. Na juya bayanta, ga 'yar takardar da nake mannawa mai lambar wayata.

"An ce mini an wanke ta," in ji ta. "Akwai wasu hotuna a ciki."

"Hotunan me?"

Ta sunkuyar da kai. "Na yarinyar ne."

"Wace yarinya?"

"Ta gidanmu. Ta rasu."

Ban sake tambaya ba, na gane 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko ta ce yaron nan, yana da jikoki tana ce masa yaron nan. Da irin wannan kunyar aka raine mu, ba wanda ya taɓa ganin aibunta, ni ma ban gani ba sai ranar.

Na ba ta kujera. A hankali, tana yi tana tsayawa, ta ba ni labarin. Sunan yarinyar Sa'adatu, sunan mahaifiyar Mukhtar aka mayar, shi ya sa ake ce mata Ummi. A gidan gado suke zaune a Tarauni, tare da Hajiya, uwar mijin, da ƙannensa. Naja'atu ba ta taɓa ɗaukar yarinyar a tsakar gida ta yi mata wasa ba, ba ta taɓa yarda an ɗauke su hoto tare ba. Mukhtar kuwa ba ruwansa, kullum wayarsa na kan 'yarsa. Idan ya tura wa matar hoto, sai ta shige ɗaki ta kalla, ta goge kafin ta fito, saboda ƙannen miji kan ari wayarta, kada a ce ta cika rashin ta-ido. Tana shekara huɗu ciwon ƙoda ya kama yarinyar, mako biyar a asibiti ta cika. Bayan addu'ar uku Hajiya ta sa aka sauke hotonta na bango, ta ce kowa ya goge na wayarsa, kallon hoton mamaci ba ya ƙara komai sai tayar da ciwo. Kowa ya goge. Mukhtar ya ce to, amma sai da ya kwashe nasa kaf ya zuba a kwamfuta.

"Ya ce mini duk ranar da na shirya, suna nan," in ji ta. "Shekara guda ban shirya ba. Sai ga nasa ajalin ya zo. Wayarsa kuma tare suka tafi, ko murfinta ba a tsinta ba."

"To da Malam Sha'aibu ya tambaye ki fa?"

Ta ɗago ta dube ni, tana mamakin yadda na san sunan, amma ta amsa.

"A tsakar gida Yaya ya tambaye ni, ranar bakwai, gida cike da 'yan gaisuwa, Hajiya na zaune kusa da ni. Matar da ta binne ɗanta kwana bakwai ba ta nemi ko hularsa ba, ni ce zan buɗe baki in ce hoton 'ya nake so? Na ce babu. Na ɗauka ajiyewa za a yi har in fita takaba in lallaɓa in karɓa. Sai daga baya na ji an kai ta masallaci."

Wata huɗu da kwana goma tana zaune a ɗaki tana lissafin kwanaki, ba fita, ba wanda za ta aika ba tare da ta faɗi dalili ba. Shekaranjiya ta fita takaba. Ko yanzu ma ba ta faɗa wa Yayan gaskiya ba, cewa ta yi takardun makarantarta ne a ciki. Ya ba ta aro zuwa Juma'a.

"Ba duka nake so ba, Malam. Ko guda ɗaya ne, in ga fuskarta tana dariya."

Da na ga dama da na yi shiru, ba yadda za a yi ta sani. Amma bakina bai saba riƙe magana ba, mai daɗi ko mara daɗi.

"Malama, ni na wanke ta. Nan ya kawo ta."

Na jira zagi, ko kuka, ko Allah ya isa. Ta dube ni kawai ta ce, "Kai ma babu aka ce maka."

Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi mata bayani yadda nake yi wa ɗalibai, sai dai ban da faɗan. Idan aka goge kashi a faifai, kayan ba sa tafiya ko'ina. Kamar gidan haya ne aka yaga takardar da ke nuna wane na ɗaki kaza, amma kowa na ɗakinsa, in ka bi ƙofa-ƙofa za ka same su. Matsalar ita ce idan aka zuba sababbin mutane a ɗakunan.

"Da wankewa kawai aka yi, kafin la'asar kin gan su," na ce. "Amma an zuba wani abu a kai."

"Karatu," in ji ta.

"Karatu."

Ta bar mini lambar wayarta ta tafi.

Na kwance kwamfutar, na zaro faifan, na jona shi da tawa ta yadda ba abin da zai ƙara rubutuwa a kansa. Na sa manhajar bincike ta fara bin sa tun daga farko, lungu-lungu, tana neman tsohuwar iyakar da na rushe. Irin wannan aiki ba ya son yankewa, wutar kuma ta zaɓi makon ta riƙa wasa da hankalina, don haka inji ya yi ta kuka a ƙofar shago har maƙwabcina mai kemis ya fara tsaki. Ɗalibai uku na kora a ranar Talata. Ɗaya ta ce jarrabawarta gobe, na ce ta je ta gaya wa wanda ya sa mata jarrabawar.

Ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya binciken ya tsaya, sai ga shi ya fito a fuskar kwamfutar: Gida. Na danna. Foldoji suka jeru, kowace da sunan da marigayin ya sa mata. Ummi suna. Ummi ta fara zama. Ummi haƙori. Ummi Sallah ƙarama. Ummi da keke. Ummi ranar farko a Islamiyya. Hotuna da bidiyo dubu uku da ɗari da sha biyu, kowanne da ranarsa da girmansa, a jere kamar ba abin da ya taɓa su.

A nan na yi kuskure na biyu. Na fi kowa sanin cewa ganin suna ba shi ne ganin kaya ba. Jerin sunayen a wuri ɗaya yake zaune, kayan kuma a wani wurin, ɗaya na iya tsira ɗaya ya hallaka. Sau nawa na gaya wa mutane haka? Amma zumuɗi ya ɗebe ni, ina so in wanke kaina, ban buɗe ko ɗaya ba na ɗauki waya na kira ta na ce sun fito.

Ko rabin awa ba a yi ba adaidaita ta sauke ta. Takalminta ma ba iri ɗaya ta sako ba. Ta tsaya a bayana tana karanta sunayen, leɓɓanta na motsi.

"Wanne zan buɗe?" na ce.

"Na Sallar."

Na danna na farko. Kwamfutar ta ce ba ta gane wannan fayil ba. Na danna na biyu, haka. Na goma, haka. Na koma wata folda, na koma wata. Zufa ta fara keto mini duk da sanyin damina. Wani ya buɗe, toka-toka ne daga sama har ƙasa. Wani ya nuna ɗan siririn layi a can sama, silin ɗaki da rabin fanka, sauran duk toka.

"Gwada bidiyon," in ji ta. "Na keken. Ranar ta yi ta dariya har ta shaƙe."

Na buɗe shi da wata manhaja mai haƙuri, wadda ko fayil ya lalace takan lalubo abin da za ta iya kunnawa. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Sai murya ta fito daga lasifika, muryar wani makaranci mai zaƙi, daga tsakiyar aya, ya ja kamar daƙiƙa shida ya yanke.

Ban taɓa jin karatun Alƙur'ani ya sa jikina ya mutu irin na ranar ba, Allah ya yafe mini. Da waƙa ce ko fim aka zuba a kai, da ta sami abin tsinewa, ni ma in taya ta. To wannan wa za ka tsine wa? Ta ja hijabinta ta rufe baki, ta ce, "Allah ya kai masa ladan." Muryarta ba ta ko girgiza ba. Sai da ta juya za ta fita na ga ta dafa bango.

"Ban gama ba," na ce mata. "Akwai sauran wuri a ƙarshen faifan da karatun bai kai ba. Ki ba ni zuwa Juma'a."

Ta gyaɗa kai ba ta waiwayo ba.

Washegari da safe sai ga Malam Sha'aibu. Dama ya san shagon, kuma Naja'atu ta gaya masa nan ta kawo kwamfutar. Ya shigo da fara'arsa, wai ya zo ya ji ko an samo takardun, don mutanen masallaci sun fara tambaya, sun saba da karatun bayan Asuba. Ni kuwa dama a cike nake, neman inda zan sauke kawai nake yi.

"Wace takarda? Malam, zo ka gani."

Na juya masa fuskar kwamfutar. Ya sa tabarau ya fara karantawa. Ummi suna. Ummi ta fara zama. Yana sauka ƙasa fara'ar na barin fuskarsa.

"Hotunan Ummi ne? Suna ciki?"

"Da suna ciki. Ni da kai muka binne su."

"Amma na tambaye ta! Wallahi na tambaye ta, ta ce babu."

"A gaban wa ka tambaye ta?"

Ya nemi kujera ya zauna. Ba hurumina ba ne in tona abin da matar ta ɓoye, na sani, kuma dattijo ne, bai kamata in ɗaga masa murya ba. Amma na riga na fara, sai da na amayar da komai. Yana zaune yana ji, hularsa a hannu.

"Ni na yi mata huɗuba," ya ce can. "A hannuna aka sa ta ranar da aka haife ta. Ni kuma na sa ta a kabari." Ya share fuska da tafin hannu. Sai ya miƙe zumbur. "To goge karatun. Goge shi duka, tafsirin ma, na yarda, ni zan ɗauki alhakin. Masallaci ya nemi wata. A dawo mata da hotunan."

Na san abin da maganar nan ta ci masa kafin ta fito daga bakinsa, shi ya sa na sassauta murya.

"Ba ya yiwuwa, Malam. Ba a ƙarƙashin karatun suke ba, balle a ɗaga a ɗauko su. Wurinsu karatun ya zauna. In na goge shi, an rasa biyun ke nan."

Daga baya ya ce kada in gaya mata ya sani, zai ji nauyin haɗa ido da ita. Na ce to. Shi ma ga shi zai tafi da tasa kunyar ya ajiye, a gida ɗaya, kowa na ɓoye wa kowa. Ya fita ya manta tabaransa a kan teburina, sai da na bi shi da shi.

Abin da ya rage shi ne ɗan wurin da ke can ƙarshen faifan, inda karatun ya ƙare bai cike ba. Na saki wata manhajar a kansa, wadda ba ruwanta da suna, ita dai duk abin da ya yi kama da hoto ta tsamo shi. Na zauna ina kallon lambobi na tafiya, ko abincin rana ban nema ba. Wajen la'asar suka fara fitowa. Jadawalin aikin asibiti. Takardun wani taron ƙara wa juna sani. Hoton katin shaidar marigayin, karon farko da na ga fuskarsa, saurayi mai faffaɗan goshi. Sai hotuna uku a jere.

Faifai daga gaba yake cika ya yi baya, don haka abin da aka zuba daga ƙarshe shi ke zama a ƙarshe. Da na yi tunani da na san abin da zan tarar tun kafin in buɗe. Na farko takardar sakamakon gwajin jini ce. Na biyu ƙafar yarinya ce a kumbure, da shatin yatsa inda aka danna. Irin hoton da ma'aikacin jinya ke ɗauka ne don ya nuna wa likita. Na uku fuska ce.

Lafiyayyen hoto ne, ba inda ya taɓu. Yarinya a kan gadon asibiti, fuskar ta kumbura har idanun sun shige ciki sun zama layi biyu, leɓɓa sun bushe sun tsage, robar iska a hanci an manne ta da filasta. Kitson kanta ya tsufa, an ɗaure ƙarshensa da ɗan ribon ja. A cikin dubu uku da ɗari da sha biyu, wanda ya tsira ke nan.

Na sake bin faifan daga farko har aka kira Magariba, ko ɗan ƙaramin hoto ne ya maƙale a wani lungu. Babu. Na rufe shago na tafi gida da tunani ɗaya: in nuna mata ko in ce ban sami komai ba? Na kusa yanke shawarar in yi ƙarya. Sai na ga ai haka aka yi ta yi mata tun farko, kowa na yanke mata abin da ya dace da ita ba tare da ta sani ba, kuma duk da kyakkyawar niyya.

Ranar Juma'a ta zo da wuri, kafin titi ya cika. Na riga na mayar da faifan, na ɗaure kwamfutar, na goge mata ƙura. Ta zauna a kujerar da ta zauna ranar farko.

"Guda ɗaya na samu mai fuska," na ce. "Amma ba irin wanda kike nema ba ne. Na asibiti ne. In kin ce kada in buɗe, ba zan buɗe ba."

A waje wani ɗan adaidaita na ta zuba hon.

"Buɗe."

Na buɗe, na kawar da kaina gefe ina kallon kwalin tsofaffin cajoji. Ina jiran in ji ihu ko faɗuwa, har na shirya kiran mai kemis. Ban ji komai ba. Da shirun ya yi yawa na waiwayo. Tana zaune yadda take, hannuwanta a kan cinya, tana kallon hoton kamar wadda aka nuna wa ƙofar ɗakinta.

"Wannan ai ina da ita, Malam," ta ce.

"A ina? Na ɗauka kin ce duk an goge."

"Ba a waya ba. Tun ranar da ta cika, in na rufe ido ita ce, in na buɗe ita ce. Ina salla ita ce. Na san ta yi dariya, na san tana da wushirya, ina iya faɗa maka da baki, amma in na nemi fuskar sai wannan ta zo ta tsaya." Ta nuna hoton da yatsa. "Wata nake nema in ɗora a kanta."

Baƙin ciki ya cika mini ƙirji, da haushin kaina, da haushin yatsan da ya tsaya ranar da na wanke kwamfutar ya kuma ci gaba.

"In goge shi?" na ce.

Har na kai hannu. Ta ce, "A'a." Da ƙarfi ta faɗa, har ita kanta ta ɗan razana. Ta buɗe jaka ta ɗauko wayarta ta miƙo mini. "Kar ka goge. Saka mini."

Hoto ɗaya ne, bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. Ta karɓi wayar ba ta duba ba, ta tura ta can ƙasan jaka ta ja zif. Ta mayar da kwamfutar cikin leda, ta ce bari ta hanzarta ta kai wa Yaya kafin a tafi masallaci. A bakin ƙofa ta tsaya ta gyara hijabinta.

"Allah ya saka maka da alheri, Malam."

Ban iya cewa amin ba.